Aron Shekarun Tsoho Khiem

Sai a shekarar da Toai ya yi niyyar ɗora wa gidansa hawa na uku ya tuna yana da uba. Shi ɗin ma mai duba ne ya tuna masa. Mai duba ya lissafa shekarun Toai, ya girgiza kai, ya ce arba'in da biyu ba shekarar taɓa gini ba ce. Mafita kuwa kowa a birnin Haiphong ya san ta: a ari shekarun wani. A rubuta takarda cewa an sayar masa da gidan, shi zai sari ƙasa, shi zai ɗaura jan ƙyalle ranar ɗaga bim, wato babban ƙarfen da ke riƙe bene, mutanen ɓoye su ɗauka gidansa ne. In gini ya ƙare a fanshe gidan da turare da farantin shinkafa. Aka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, shekarun kowa da cikas, sai na mahaifinsa Tsoho Khiem, saba'in cif, su ne suka fito tas.

Tun da Khiem ya sa hannu ya mallaka wa ɗansa gidan shekara biyar da suka wuce, babu wanda ya ƙara tambayarsa wani abu da ya wuce ko ya sha maganinsa. Yana ɗakin baya na ƙasa da matarsa Sen, wadda ɓarin jikinta ya shanye, magana ma sai kalma ɗaya ko biyu. Shi ke juya ta, shi ke mata wanka, shi ke ba ta kunun shinkafa a baki. To ranar nan sai ga Toai da matarsa Diep sun shigo har ɗakin da butar koren shayi, Diep tana ta murmushi kamar mai tallan sabulu.

"Baba, ashe shekarunka zinariya ne ba mu sani ba," in ji ta.

Khiem ya ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa. Shekara talatin da biyar ya yi yana hawa ƙarfe, sito-sito na bakin tashar jiragen ruwa da gadoji biyu duk akwai waldarsa a jiki. Ya ɗauka tunda aikin ƙarfe za a yi a gidan, ai da shekarun za a haɗa da ilimin. Bai san shekarun kawai aka zo ara ba.

Shirin Toai mai sauƙi ne a baki. Za a rushe bangon da ya raba shagon gaba da ɗakin tsofaffin, don baburan lantarkin da yake sayarwa su sami fili. Bangon nan shi ke riƙe da benen, saboda haka za a gicciya bim ɗin ƙarfe a madadinsa, daga bangon dama zuwa na hagu, sannan a ɗora sabon hawa a sama. Ɗan kwangilar kuma ba a je da nisa nemansa ba. Hoat ne, ƙanin Diep, wanda bara war haka fentin babura yake yi.

Ranar da aka sauke bim ɗin a bakin lungu, jajir yake, fenti na ta ƙyalli. Maƙwabta suka yi ta yabo. Khiem ya fito da 'yar gudumarsa da bai taɓa rabuwa da ita ba, ya fara daga ƙarshe yana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya amo gare shi, yana amsawa har cikin haƙori. Wannan ya amsa sama-sama har zuwa tsakiya, a nan kuma ya yi shiru kamar an daki jiƙaƙƙen itace. Tsohon ya durƙusa ya kankare fentin da farce. Guntaye biyu ne na tsohon sito aka haɗa baki da baki, aka bi da walda kamar kashin kaji, aka cike ramukan da abin da masu gyaran mota ke shafawa. Babu farantin ƙarfe da zai riƙe mahaɗar, babu ƙusa ko ɗaya.

"Toai, zo ka gani. Wannan ba bim ba ne, biyu ne aka liƙa. Kuma a tsakiya, daidai inda nauyi ke taruwa."

Hoat ya yi dariya yana kunna sigari. "Baba, zamaninku da namu ba ɗaya ba ne. Ku kun saba ƙarfen gada. Wannan gida ne, ba jirgin ƙasa zai bi ta kai ba."

"Kai, ka taɓa ganin bim ya karye?"

"Ban taɓa ba, Baba. Ka ga kenan ba ya karyewa."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Toai ya ja mahaifinsa gefe, ya sassauta murya yadda ake yi wa mai rikicin tsufa. Ya ce mai duba ya riga ya tsayar da rana, jibi ƙarfe bakwai da kwata, in ta wuce sai bayan wata huɗu. Ya ce a daure a ɗaga wannan ɗin, in an gama zai sa a kafa ginshiƙi a tsakiya, ya yi alkawari. Khiem ya dubi ɗansa. Da ginshiƙi a ƙarƙashin mahaɗar, ƙarfen zai iya riƙewa, wannan gaskiya ne. Ya amince.

Jibi da safe Toai da iyalinsa suka fice zuwa shagon kofi na bakin titi, don mai gida na gaskiya ba ya tsayawa kada mutanen ɓoye su gane shi. Khiem ya sa doguwar rigarsa, ya kunna turare, ya karanta takardar da ta ce gidan nasa ne. Aka miƙo masa jan ƙyalle. A tsakiya ake ɗaurawa, haka aka gada. Haka tsohon ya naɗe mahaɗar da hannunsa, ya ƙulle, ta ɓace wa idon kowa. Hoat ya ɗauke shi hoto yana ɗaurin, aka tafa.

Gini ya ƙare cikin wata uku. Ginshiƙi bai zo ba. Da Khiem ya tuna masa, Toai ya ce bayan sabuwar shekara. Bayan sabuwar shekara ya ce mai duba ya hana, wai ginshiƙi a tsakar shago yana tare hanyar arziki. Fansar gidan ma ba a yi ba, kullum sai an sami rana mai kyau, ranar kuma ta ƙi samuwa.

A maimakon bango, Diep ta rataya labule mai furanni a jikin bim ɗin, don masu sayen babur kada su ga tsofaffi. Gadon Sen yana bayan labulen daidai. Baya da shi kicin ne da makewayi, babu inda za a matsa. Kwance take ɗai-ɗai yini guda, abin da idonta ke gani kawai shi ne jan ƙarfe da jan ƙyalle.

Sama kuwa sai ƙaruwa take. Aka hau da teburin da ake kunna wa kakanni turare, na baƙin katako, wanda sai da ƙarti takwas suka ɗauka. Aka shimfiɗa dutse mai sheƙi a hawa na uku. Aka kai tankin ruwa biyu kan rufi. Toai ya fara sha'awar ƙananan bishiyoyin nan na tukunya, ya jera goma sha huɗu, kowace da tukunyar siminti. Duk abin da ya wuce ta matattakala Khiem yana auna shi da ido, yana jin nauyinsa a ƙirjinsa.

Ranar da aka rataya labulen, yatsa biyu ne tsakaninsa da ƙasa. Khiem ya lura, don irin abin da idonsa ya saba lura da shi ne. Bayan wata biyu ya koma yatsa ɗaya a tsakiya, gefe da gefe kuwa yana nan yadda yake. Da damina ta kama, tsakiyar labulen ta fara sharar ƙasa. Ya kira Diep ya nuna mata.

"Baba, yadi ne, miƙewa yake in ya sha danshi."

"A tsakiya kaɗai yake miƙewa?"

"To ni na saƙa shi?"

Da yamma ta sauke labulen, ta kai wa tela ya rage tsawonsa da yatsa uku. Ta dawo ta rataya, ta kira shi ya gani. An gyara bim.

Khiem ya yanki gora daidai tsawon ƙasa zuwa ƙarfen, yana gwadawa kowace safiya kafin a buɗe shago. Da farko tana shiga da ɗan sarari. Sannan sai an tura. Sannan ta daina shiga. Ƙofar ɗakin Toai a hawa na biyu ta fara cijewa, aka kira kafinta ya fere ta. Tayil biyu suka tsage a falo, aka ɗora musu darduma. Babu matsalar da ta taso a gidan nan da ba a yi maganinta ba, su Toai ba masu sakaci ba ne.

Wata safiya yana ba Sen kunu sai ya ga ta ƙura wa bargonta ido. Jan gari ne a kai, ɓarɓashin tsatsa da fenti. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna sama.

"Yana... kuka," ta ce.

Ya san kukan da take nufi, wani ɗan ƙas-ƙas da ƙarfe ke yi in tanki ya cika. Matar nan shekara talatin da biyar ta yi tana tsayawa bakin lungu da yamma har sai ta ga ya sauko daga ƙarfen mutane lafiya. Yau ita ce a ƙarƙashin ƙarfe, kuma shi ya ɗaura masa ƙyalle. Ya share bargon ya ce mata, "Ina nan, uwar Toai. Ba zan bari ba."

Ya roƙi Toai a mayar da su sama. Toai ya ce gwiwoyin Baba ba za su iya matattakala ba, tausayinsa ake ji. Ya ce to a kama musu ɗaki a wani wuri, ko na kwano ne. Toai ya ɓata rai.

"Haba Baba. Ina da gida hawa uku, iyayena suna haya? Me kake so mutane su ce a kaina?"

"Su ce uwarka tana da rai."

"Ka ga irin maganar da ke sa Diep kuka kenan. Kullum fatan tsiya a gidan da muka sha wahala muka gina."

Khiem ya je wajen wani tsohon abokin aikinsa ya aro bututun ƙarfe mai kauri da jak ɗin mota. Ya turo su a amalanke, yana tafiya yana hutawa. Ya kafa bututun ƙarƙashin mahaɗar, ya ɗaga jak har ƙarfen ya yi ajiyar zuciya. Kwana biyu Sen ta yi barcin rana. A rana ta uku Diep ta ɗaga labule ta gani. Ba ta yi faɗa ba, mace ce mai tarbiyya. Jira ta yi ya tafi karɓo maganin tsohuwar, ta sa masu gyaran babur suka cire. Da ya dawo ta tare shi da ruwan sanyi.

"Baba, masu saye suna leƙowa suna tambaya ko gidan zai faɗi ne. Kasuwa ba ta son irin wannan. Kuma tsatsarsa tana ɓata tayil."

Ya nemi bututun, aka ce mai sayen tsofaffin ƙarafa ya wuce da shi. Daga ranar aka fara gaya wa baƙi, cikin raɗa da tausayi, cewa kan Baba ya fara juyewa, gora yake yawo da ita yana auna iska.

Ranar tunawa da rasuwar mahaifin Khiem ta zo a wata na takwas. Bara a ƙauye aka yi, bana Toai ya ce a gidansa za a yi, dangi su ga sabon ɗakin kakanni. Mutum arba'in da wani abu aka gayyata. Tun jiya aka cika tankunan biyu maƙil saboda girki.

Da sassafe Khiem ya hau kujera ya ɗaga gefen jan ƙyallen. Wata tsaga ta haura daga ƙasan ƙarfen har rabinsa, farcen babban yatsansa ya shige ciki. Ya sauko. Bai tsaya neman kowa ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya zamo da Sen kanta a hankali, ya kama bakin tabarmar yana ja da baya da baya, ta tsakanin babura, har bakin ƙofar shago. Kafin ya kai, numfashinsa ya kusa ɗaukewa.

A nan Diep ta same su, tana riƙe da tiren dafaffen zakara.

"Baba, me ke nan? Baƙi na hanya, ta nan za su shigo. Su tarar da Inna a ƙasa bakin titi kamar mai bara?"

"Ƙarfen ya tsage rabi. Yau in mutanen nan suka hau, zai sauko. Ki bar ta a nan, ko a kai ta gidan maƙwabta."

Toai ya sauko yana gyara kwalar riga. Ya dubi uwarsa a ƙasa, ya dubi lungu inda motar farko ta fara fakawa. Abin da ya fi tsorata shi a cikin biyun ba ya buƙatar tambaya.

"Yau kaɗai, Baba. Ka rufa mini asiri yau kaɗai. Gobe da kaina zan sa Hoat ya gyara."

Shi da Hoat suka ɗauki tsohuwar cak, suka mayar da ita gadonta, har da gyara mata matashi. Diep ta ja labule.

Khiem ya zauna bakin gadon ya riƙe hannunta, ya ce ba inda za shi. Amma shi ne babban ɗa, kuma a takardar da ke ƙarƙashin kaskon turare shi ne mai gida. Babu mai kunna turaren farko sai shi, babu mai cin loma kafin a kunna. Dangi suka cika sama, yana jin takunsu ta cikin ƙarfen. Aka aiko sau biyu. A na uku 'ya'yan ƙannensa huɗu suka sauko, samari majiya ƙarfi masu ladabi.

"Kawu, kakanni na jira, abinci na hucewa."

"Ku ce kowa ya sauko. Ku saurare ni, aikina ne, na san abin da nake faɗa. Ku sauko da mutane."

Suka dubi juna, an riga an gaya musu halin da ake ciki. Ɗaya ya ce, "To Kawu, mu je ka gaya musu da bakinka." Suka ɗora shi a kujera suka ɗaga. Ya riƙe hannun Sen har sai da tafiyar ta raba su. Mutanen da ke matattakala suna ta yaba yaran, ana cewa ladabi bai ƙare a dangin nan ba.

A hawa na uku ya buɗe baki yana roƙo a sauka, aka danƙa masa turare uku a hannu, aka juya shi ya fuskanci hoton ubansa. Wata gwaggo ta share hawaye ta ce tsufa ba shi da daɗi. Mutum arba'in suka matso wuri ɗaya a bayansa don su rusuna. Da tafin ƙafarsa ya fara ji, kafin kunnen kowa.

Ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba. Ƙasa ta zauna, tebur ya zame, kwanuka suka tarwatse, mata suka yi ihu. Gidan bai rushe ba. Tsakiyarsa ce ta sauka, benen hawa na biyu ya karye ya faɗa cikin shago. Aka fito da mutanen sama ta rufin maƙwabta, wannan da targaɗe, wancan da ƙujewa, babu wanda ya rasa ransa a cikinsu. Babura tara suka lalace. Sai da aka ƙirga baburan sannan wani ya tambaya ina tsohuwa.

Khiem bai jira an faɗa masa ba. Ya san tsawon ƙarfen, ya san inda mahaɗar take, ya san inda matashinta yake. Da masu ceto suka ɗaga guntun bim ɗin da yamma, jan ƙyallen yana nan a ɗaure, ƙullin bai kwance ba, don shi bai taɓa yin ƙullin da ya kwance ba.

Washegari wani jami'i ya zo da littafi, ya zauna a rumfar makoki yana tambaya wa ke da gidan, wa ya ba da izinin cire bango, wa ya duba ƙarfen. Toai yana sanye da farin ƙyallen makoki a ka, idonsa jajir, kuma kukan da ya yi na gaske ne, uwarsa ce. Ya shiga ya fito da takardar da aka tsamo daga ƙarƙashin kaskon turare. Hoat ya miƙo wayarsa da hoton ranar ɗaga bim.

"Ranka ya daɗe, ni babura na sani," in ji Toai. "Ga takarda, da sunan Baba aka yi aikin. Babana shekara talatin da biyar yana aikin ƙarfe, duk garin nan babu wanda ya kai shi. Shi ya ƙwanƙwasa shi da gudumarsa, maƙwabta sun gani. Shi ya ɗaura ƙyallen da hannunsa. Wa zai ja da maganarsa a kan ƙarfe?"

Diep ta gyaɗa kai tana sheshsheƙa. "Wa ya isa? Mu duk abin da Baba ya ce shi muke bi."

Jami'in ya san irin takardar, a gidan surukinsa ma an yi. Ya ajiye ta gefe, amma hoton ya daɗe yana kallo. Ya juya ga tsohon da ke zaune kusa da akwatin gawa, gorarsa a kan cinya.

"Baba, ka san ƙarfen nan yana da aibi ranar da ka ɗaura masa ƙyalle?"

Kusan shekara guda Khiem yana neman wanda zai yi masa tambaya a kan ƙarfen nan ya tsaya ya ji amsa. Ga shi ya samu, da littafi da alƙalami. Ya dubi ɗansa, ɗan ya sunkuyar da kai. Ya dubi akwatin.

"Na sani," ya ce.

Jami'in ya rubuta. A bayan rumfar kuwa gwaggwanni sun riga sun gano bakin zaren: mai duba ne ya yi kuskuren lissafi, shekarun tsohon ba su da kyau tun farko. Suka shawarci Toai, in zai sake gini, ya nemi aron shekarun wani a waje.